Furen zabo da malam-buɗe-littafi: komi da lokacinsa

A ƙasar Ingila da ƙasar Faransa akwai wani fure da ke fitowa cikin fadamu, a bakin koguna. Tsawonsa bai fi santimita 40 ba. Kansa a sunkuye yake, kamar ƙaramar ƙwarya da aka kife bisa tsinke. Launinsa ja ne mai duhu, da ɗige-ɗige masu haske a jere, gida-gida. Duk yaron da ya taɓa kiwon zabi, in ya ga furen nan, zai tuna da gashin zabuwa. Turawa ma haka suka gani. Faransawa suna ce masa fritillaire pintade, pintade kuwa ita ce zabuwa. A shekarar 1753 wani masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, mai suna Linne, ya rubuta sunansa Fritillaria meleagris. Kalmar meleagris sunan zabo ce a tsohon harshen Girka. Saboda haka a cikin wannan darasi za a kira shi furen zabo.

Akwai kuma wani dangi na malam-buɗe-littafi a waɗannan ƙasashe. Fikafikansu ruwan goro ne, da baƙin zane gida-gida. Mutanen Ingila sun ba su suna ɗaya da furen, domin zanensu ya yi kama. Ba dangin juna ba ne, kuma tsutsarsu ba ta cin furen zabo. Amma wahala guda ta same su. Furen ya ragu ƙwarai, malam-buɗe-littafin ma ya ragu, tun da mutane suka sake yadda suke aiki a fadama da daji.

Mutane da yawa suna tsammani hanya biyu kawai gare su game da daji: ko su cinye shi ƙaf, ko su kewaye shi da shinge su hana kowa shiga. Wannan tunani kuskure ne. Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi. A yi aiki cikin daji, a ci amfaninsa, amma kowane aiki a yi shi a lokacinsa. Labarin furen zabo da na malam-buɗe-littafi su ne shaida.

Furen zabo yana da kai a ƙarƙashin ƙasa, kamar ƙaramar albasa. Ba a cin kan nan, domin yana da guba. Lokacin sanyi kogi yakan cika, ya malale fadama, kan furen yana kwance cikin laka. In ruwa ya janye sai ya tsiro. A watan Afirilu yake yin fure. Wani babban ƙudan zuma mai gashi yakan shiga cikin furen neman zaƙi, ya kwashi garin fure ya kai wa wani furen. Ta haka ne iri ke samuwa. Irin yakan nuna wajen watan Yuni, kwanso ya tsage, ƙwayoyi su zuba ƙasa. Ƙwayar da ta tsiro ba ta yin fure a shekarar farko, ko ta biyu. Sai ta yi shekaru tana tara ƙarfi cikin ƙasa tukuna. Ke nan wanda ya tsinke fure guda a watan Afirilu ya hana ƙwayoyi masu yawa zuba, kuma sai bayan shekaru ne za a ga giɓin da ya bari.

A da furen nan ya cika fadamun kogin Tamiz, har ana tsinko shi dami-dami ana kaiwa kasuwar birnin Landan. Wannan ya rage shi. Amma babbar ɓarna daga garma ta zo. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, Ingila ta shiga ƙarancin abinci, aka nome makiyaya masu yawa. Bayan yaƙi aka ci gaba da haƙa magudanai domin a tsane ruwan fadamu, ana zuba takin zamani. Garma tana tone kan furen. Takin zamani kuwa yana sa manyan ciyayi su yi ƙarfi, su danne ƙanana. Daga wajen 1930 zuwa 1984, kashi 97 cikin 100 na tsofaffin makiyaya masu furannin daji sun ɓace a Ingila da maƙwabciyarta Wels.

Wani zai ce: «To, mene ne laifi? Fure ake ci? Mai jin yunwa ba ya kallon fure.» Maganarsa tana da gaskiya a ciki. Ba wanda zai zargi manomin da ya nome fili domin ya ciyar da iyalinsa. Sai dai fadamar furen zabo ba filin banza ba ce. Tana ba da ciyawar da ake yanka a busar, a ajiye wa dabbobi. Tana ba da kiwo. In kogi ya cika, ita ce ke karɓar ruwan da zai shiga gidajen mutane. Gonar da aka bari shekara guda ana iya sake shuka ta baɗi. Fadamar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana tara tsirrai iri-iri, in garma ta bi ta kwana guda, jikokin manomin ma da wuya su ga ta koma yadda take.

A kusa da wani ƙaramin gari mai suna Cricklade, a bakin kogin Tamiz, akwai wata fadama mai faɗin hekta 44. An ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na furen zabon da ya rage a dajin Ingila a nan yake. Me ya tsirar da shi? Wata tsohuwar doka ce ta mutanen garin. Ba a yanka ciyawar fadamar sai a watan Yuli, bayan iri ya zuba. Daga ran 12 ga Agusta a saki dabbobin mutanen gari su yi kiwo. Ran 12 ga Fabrairu a fitar da su, kafin furen ya tsiro. Da yake kowa yana da hakkin kiwo a wurin, ba mai ikon sa garma shi kaɗai. Waɗanda suka kafa dokar ciyawa da kiwo suke nema, fure ya tsira albarkacinsu. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A shekarar 1973 hukuma ta mai da fadamar wurin da ake karewa, amma ba ta hana yankan ciyawa da kiwo ba. Ta san in an daina su, dogayen ciyayi da ƙaya za su rufe wurin, furen ya rasa rana, ya mutu.

Labarin malam-buɗe-littafi ya ƙara nuna haka. Ɗaya daga cikin masu zane gida-gida yana zaune a dajin Blean, a kudu maso gabashin Ingila. Tsutsarsa tana cin ganyen wani ɗan tsiro mai fure rawaya, wanda ke yaɗuwa inda rana ke sauka ƙasa. A da masu saran itace sukan sare yanki guda na daji daga gindi, su bar kututture ya sake toho. Wata shekara su koma wani yankin. Sai bayan shekaru goma ko fiye su dawo na farko. Inda aka sare, rana takan shiga, tsiron ya yaɗu, malam-buɗe-littafi ya zo ya yi ƙwai. In itatuwa suka girma, inuwa ta rufe, sai ya tashi ya koma sabon sara. Har mutane suka yi masa laƙabi da mai bin masu saran itace. Da aka rage amfani da itacen wuta da gawayin itace, sai aka bar saran. Daji ya yi duhu. Wajen shekarar 1980 saura kaɗan wannan malam-buɗe-littafi ya ƙare a Ingila. Aka koma sara yanki-yanki kamar da, shi kuwa ya sake yawaita. Gatari ne ya cece shi, amma gatarin da ke da ƙa'ida.

Hannun da ba shi da ƙa'ida kuwa, ga abin da yake jawowa. A manyan duwatsun kudu maso yammacin ƙasar Sin akwai wani ɗan'uwan furen zabo. An yi wajen shekara 2000 ana tonon kansa ana yin maganin tari. Sai ya kai shekara biyar kafin ya yi fure, kuma sai an tone fiye da 3500 kafin a sami kilo guda na busasshe. A shekarar 2020 masana suka bayyana wani abin mamaki. Inda ba a cika tono ba, ganyen kore ne, furen yana da haske. Inda ake yawan tono, tsiron ya koma toka-toka ko ƙasa-ƙasa, kamar duwatsun da ke kewaye da shi. Dalili shi ne, masu haske su ake fara gani a tone. Masu kama da dutse su ke tsira, su zuba iri. Sannu a hankali fure ya koma mai ɓuya, kamar zomo a gaban mafarauci.

Furen zabo ba ya fitowa a Nijar, amma dokar da ta tsirar da shi ba baƙuwa ba ce. Kowace shekara, bayan girbi, hukuma da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya sukan tsai da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabba ba ta shiga. Bayan ranar, ta ci kara, ta bar taki. Hikimar ɗaya ce da ta mutanen Cricklade. Haka kuma kowane malam-buɗe-littafi yana da tsiron da tsutsarsa ke ci. Wannan mai ruwan goro da baƙin baki da fararen ɗige, wanda ke yawo a bayan gari, bisa ganyen tumfafiya yake yin ƙwai. Inda babu abincin tsutsa, babu malam-buɗe-littafi.

Saboda haka ɗan makaranta mai hankali, kafin ya taɓa abin daji, ya kamata ya yi tambaya guda: lokacinsa ya yi? In an aike shi yankan ciyawa, ya bar wani yanki har irin ya zuba. In ya ga fure a daji, ya duƙa ya duba shi da kyau, ya ƙidaya ganyayensa, ya zana shi cikin littafinsa, ya bar shi a tsaye. In ya ga malam-buɗe-littafi, kada ya kama shi, domin garin da ke maƙalewa a yatsa daga fikafikansa ya fito, kuma ba ya sake tsirowa. Ya bi shi da ido, ya ga tsiron da yake sauka, ya rubuta ranar. Ajin da ya yi shekara guda yana irin wannan rubutu zai san watan da kowane fure ke buɗewa da watan da irinsa ke zuba. Wanda ya san wannan, shi ne zai iya faɗa wa mai lauje da mai gatari ranar da ta dace su fara aiki.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kwatanta wannan fure da zabuwa?
2. Don me ba a yanka ciyawar fadamar Cricklade sai a watan Yuli?
3. Me ya sami malam-buɗe-littafin dajin Blean da aka daina saran itace?
4. Wace doka ce a Nijar ta yi kama da dokar mutanen Cricklade?