Daren da na ga Barmani Choge

  

Ran zubinmu na makon jiya, muna jiran masu makulli su iso a buɗe akwati, sai wata yarinya cikinmu ta kunna waƙar Barmani Choge a salularta. Nan da nan tsofaffi suka kama gyaɗa kai, wata har da guɗa. Ni ko sai na yi tsit, don waƙar ta tuno mini wani dare da ban taɓa ba ku labarinsa ba a wannan fili.

Tun ina ƴar talla nike son Barmani. Innata tana da rediyo mai kaset, in za mu yi daka sai ta aje shi bisa turmin da ba a aiki da shi, mu yi ta luguden taɓarya muna amshi. Ƴar ƙasar Funtuwa ce, kiɗanta amada, kiɗan ƙwarya na mata zalla. Abin da ya sa ta shiga raina, tana kiran mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman jiran a ba ta shaguɓe. Wallahi tun kafin in san mene ne asusu, ita ta fara koya mini kunyar miƙa hannu.

Shekaru kaɗan kafin rasuwarta, na ɗauki bashin jika 30 a asusunmu, in maido da ribar jika 3 bayan wata guda. Niyyata in saro atamfa a Katsina in kawo Maradi. Muka bi ta Dan Isa, na canza kuɗina a Jibiya, na sauka gidan ɗiyar gwaggona. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce: “Yaya, kin zo a sa'a, yau mutuniyarki tana wasa a garin nan.” Na ce wace? Ta ce Barmani. Sai da gabana ya faɗi.

Kuɗin shiga daga nawa na biya, don na taho da ɗan guzurina ƙulle a bakin zane. Kuɗin asusu kuma suna cikin lalita, ɗaure a ƙuguna.

Ƴan uwa, gani ya kori ji. Fili cike da mata, ga ƙwarya a kife, wata bisa ruwa, ga ƴan amshi a jere. Da ta fito na ga dattijiya ce kamar iyayenmu, ba wata doguwa da na ƙera a zuciyata ba. Amma da ta ɗaga murya sai tsigar jikina ta tashi. Muryar nan ta rediyon innata ce, ba ƙari ba ragi. Lokacin inna ta shekara biyu da rasuwa. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba, ina kuka ina rawa.

To, nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Ƙanwar tawa ta je ta raɗa wa sanƙira cewa akwai baƙuwa daga Nijar. Sai ji na yi ana kiran babbar ƴar kasuwa ta Maradi. Ni ɗin! Mata suka buɗe mini hanya. Na kwance bakin zane na liƙa guzurina kaf. Kiɗa bai tsaya ba, idanu na kaina. Sai hannuna ya tahi ga lalita. Kafin in dawo hayyacina, abin da ya kai jika 5 na kuɗin asusu ya bi ƙasa.

Da na koma na zauna, sai na lura da abin da ban gani ba ina tsaye. Akwai mace guda cikin tawagar, ba ta rawa, ba ta amshi. Aikinta kawai ta tsince kuɗi, ta daidaita su, ta adana. Ashe su bakin aikinsu suke. Ita Barmani sana'arta take yi, ni ce nike ɓarin tawa, kuma a gaban wadda ta koya mini riƙon sana'a.

Na dawo da atamfa ba ta cika ba. Wata ya ƙare, kuɗi ba su haɗu ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: na kai zabbina biyu kasuwa na cike. Ran biya na faɗa wa ƙungiya gaskiya da bakina. Aka yi dariya, ma'ajiyarmu ta lokacin ta ce: “Ƙanwata, rawa ba laifi, amma da zanenki za ki yi ta.”

Allah ya yi wa Barmani rasuwa a 2013. Da na ji a rediyo, na gode Allah da ya nuna mini ita da idona. Har yau ban yi nadamar zuwa ba. Mu ma mutane ne, mace da ta sha surfe da ɗaukar ruwa shekara guda ta cancanci dare ɗaya na farin ciki. Nadamata ga lalitar nan take.

Yanzu ga lokacin bukukuwa ya zo, hatsi ya shiga rumbu, makaɗa za su yi ta yawo. Ku je ku kalla, ku yi rawa, ku yi liƙi in kuna da hali. Amma tun daga gida ki yanke abin da za ki kashe, ki ƙulle shi daban. Kuɗin bashi da na zubi ki bar su a ɗaki, kada ma su ji ƙarar kiɗa. Ba naki ba ne ke kaɗai, akwai wadda ke jiran ki maido ta ɗauka ta sayi gyaɗar ƙuli.

Allah ya jiƙan Barmani, ya jiƙan iyayenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.