Ka San Haƙƙinka: Fitilar sama ta ƙona hannu, wa zai biya?

Wannan makon wata ɗaliba ce ta turo tambaya. A walimar kammala karatun yayarta an sayo fitilun nan na takarda da ake kunna wa wuta a sake su su tashi sama, irin waɗanda kuke gani a TikTok. Ƙaninta na riƙe da ɗaya, kafin ta tashi sai narkakken kaki ya ɗigo masa a bayan hannu, har ta kai su ga asibiti. Ta ce, "Anti, mai kayan zai biya kuɗin magani, ko shi ke nan mun yi asara?"

To ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Bari mu fara da fitilar kanta. Asalinta daga ƙasar Sin ne, kuma har yau ana bikin sakinta a Taiwan da Tailan. Takarda ce marar kauri da aka ɗinka kamar buhu, bakinta da zoben gora ko waya, a tsakiya an ɗaura ƙyalle ko kwali mai kaki. In aka kunna, iskar ciki ta yi zafi, ta fi ta waje rashin nauyi, sai fitilar ta ɗaga. Daga nan kuma babu mai iko da ita. Wuta ce tsirara, iska ce direbanta.

A ƙarshen Yunin 2013, guda ɗaya tak ta sauka a wata masana'antar sake sarrafa robobi a Smethwick, kusa da Birmingham a Ingila. Kimanin tan 100,000 na kaya ya ci wuta, 'yan kwana-kwana wajen 200 suka yi ta fama, asarar ta kai kusan fam miliyan 6. A daren shiga shekarar 2020 kuma, irinta ta ƙone ɗakin birrai na gidan namun dajin Krefeld a Jamus, dabbobi fiye da 30 suka mutu. Wata uwa da 'ya'yanta mata biyu suka kai kansu ga 'yan sanda, suka ce ta intanet suka sayo, ba su san an haramta ta a jiharsu ba. Duk da haka an ci su tara. Ku auna wannan da garinmu lokacin hunturu: dannin kara, rumbuna, rufin ciyawa, ga masu sayar da fetur a jarka bakin titi.

Yanzu batun diyya. A 1928, a garin Paisley na Sikotlan, an saya wa wata mata mai suna May Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha rabi, sai ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito daga sauran. Ta yi rashin lafiya, ta kai ƙarar mai kamfanin. Lauyoyinsa suka ce ai ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninsu. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce a'a, duk mai haɗa kaya wajibinsa ne ya kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su. Abin dariya, ba a taɓa tabbatar da dodon koɗin a gaban alƙali ba, daga baya sasantawa aka yi. Kotunanmu suna bin wannan ƙa'ida: a 2008 Kotun Ƙolin Najeriya ta ɗora wa wani kamfanin lemo alhaki kan kyankyason da wani ya tarar a kwalba.

Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ce in kaya mai aibi ya yi wa mutum rauni ko ya ɓata masa dukiya, wanda ya samar da kayan ke da alhaki, ko da ba wanda ya ji raunin ne ya saya ba. Rubutun nan na "in an saya ba a mayarwa" ba ya wanke shi.

Sai dai kalmar "aibi" ita ce gaɓar. Idan an bi umarnin da ke jikin ledar, aka riƙe yadda aka ce, kakin ya zubo saboda ba a ɗaure shi da kyau ba, wannan aibi ne. Idan babu gargaɗi sam, ko an rubuta shi da harshen da mai saye ba ya ji, shi ma abin kamawa ne. Amma in an rubuta ƙarara cewa kada yara su taɓa, manya suka miƙa wa yaro, to hujjarku ta yi rauni, kuma mai kayan ba zai yi shiru a kai ba. In kuwa fitilar ta faɗa gidan maƙwabci, ƙofarku zai fara bugawa.

Abin yi yanzu: kada ku zubar da komai. Ragowar fitilar, ledarta, rasit ko alat na kuɗin da aka tura, hirar WhatsApp da mai sayarwa, hoton ciwon, katin asibiti da takardun magani, a haɗa su wuri guda. Da yake ƙaninki yaro ne, Baba ko Mama ne za su nema a madadinsa. Su fara rubuta wa mai kayan, su ajiye kwafi. In ya yi kunnen uwar shegu, su kai ƙorafi FCCPC, ko su ga lauya da wuri, don shigar da ƙara yana da wa'adi.

Ban tambaye ki abin da aka shafa masa kafin asibiti ba, amma na san halinmu. Ƙuna ba ta son man goge baki, ko ƙwai, ko manja. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara mata kamar minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a tafi wurin likita. Ki rubuto mana yadda kuka ƙare da mai kayan.