Yaranmu Sun San Kogin Nilu, Ba Su San Gulbin Kaba Ba

A makarantar da nake koyarwa na yi wa ɗalibaina tambayoyi biyu. Na ce wane kogi ne ya ratsa Masar, kusan kowa ya ɗaga hannu. Na ce to, me ya sa ake kiran kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi da suna Gulbin Kaba, sai aji ya yi tsit. Alhali wasunsu a kan tabarmar kaba suka kwana, kuma da igiyar kaba aka ɗaure akuyar gidansu. Laifin ba nasu ba ne. Namu ne, malamai da iyaye, da muka bar su suna ɗaukar cewa tarihi a nesa yake faruwa, garinsu kuwa wurin kwana ne kawai.

Tasawa ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Tana cikin tsohuwar ƙasar Katsina, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, sarakunan Katsina da aka kora sun yo arewa, har aka kafa sarautar Maraɗi. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa bayan ya ƙetaro Hamada, kafin ya wuce Katsina da Kano. Ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karantawa a jami'o'in Turai.

Akwai kuma tarihi mai ɗaci. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙona garuruwa tana kashe mutane. Yaranmu da yawa sun ji labarin Sarauniya Mangu da ta tare su a Lugu, amma ba su san cewa a ƙasarmu aka rufe wannan babi ba. Ranar 14 ga Yuli aka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, a Dankori. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyu, kuma kaburburansu suna Maijirgi. Yaro zai wuce nan a motar Damagaram sau goma, bai san abin da ya wuce ba.

Haka abin yake wajen ƙasa da itatuwa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakinmu sun yi fayau, iska na binne shuka da yashi. Manoman jahar Maraɗi ne suka juya al'amarin da abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a share gona ƙarƙaf, sai a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa koyo. Amma ɗan manomin da ya yi aikin bai iya faɗin dalilin da ya sa gero ke kyau a gindin gawo ba. Amsar kuwa darasin kimiyya ce cikakkiya: gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashi.

Na san abin da abokan aikina za su ce: manhaja ta cika, jarabawa ba ta tambayar gawo, ajin kuma ya haura ƙima. Gaskiya ne. Sai dai ba sabon darasi nake nema ba, misali nake so mu sauya. In za ka koyar da zaizayar ƙasa, ga kwari a bayan gari. In lissafi ne, a ƙirga itatuwan gona guda, kalgo nawa, aduwa nawa, sabara nawa. In rubutun insha'i ne, a tura yaro wurin kakarsa ta ba shi labarin shekarar yunwa, ya rubuto. Wannan ba ya cin ko dala.

Wasu kuma na tsoron tarihin gida, wai yana tono rigimar gidajen sarauta da maganar asali. Shiru ba ya kashe waɗannan maganganu, yana barin su ne a hannun ƴan shayi da masu tura saƙon WhatsApp. Gara yaro ya ji ruwaya biyu a aji, malami ya nuna masa yadda ake auna su.

Iyaye, rabonku ya fi namu girma. Tsoffin da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, kuma wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku zaunar da su ku ɗauka, yara na saurare. In za ku gona ku tafi da yaro, ku faɗa masa sunan kowane icce da amfaninsa.

Yaron da bai san darajar goriba ba, shi zai sare ta ya sayar idan ya girma. Wanda kuma bai san abin da aka yi a Maijirgi ba, duk wanda ya zo masa da labarin kansa zai yarda. Kafin hutun nan ya zo, kowane malami ya fitar da ajinsa bayan gari ko sau ɗaya ne.