Makarantun firamare a Amurka: Talauci, launin fata da sakamakon jarrabawa

A Amurka, duk mai son sanin matsayin wata makarantar firamare ta gwamnati yana iya samun alƙalumanta a intanet: yawan ɗaliban da suka ci jarrabawar karatu da ta lissafi, da kuma yadda ɗaliban suka kasu ta fuskar launin fata da halin rayuwar iyayensu.

Abin da ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa da zarar an san 'ya'yan su wa ke karatu a makaranta, to ana iya hasashen sakamakonta tun kafin a duba.

Makarantar firamare ta Gideons da ke birnin Atlanta a jihar Georgia, ta taɓa zama tamkar wadda ta karya wannan ƙa'ida. Tana cikin wata tsohuwar unguwar baƙaƙen fata ce mai fama da talauci, kuma galibin ɗalibanta na cikin waɗanda ake bai wa abincin rana kyauta ko a farashi mai rahusa, wanda shi ne ma'aunin da aka saba gane 'ya'yan talakawa da shi a makarantun ƙasar. Amma duk da haka sakamakonta ya riƙa hauhawa, kamar na wasu makarantun birnin da dama.

Dokar shekarar 2002

Batun dai ya samo asali ne daga wata doka da shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Janairun 2002, wadda manufarta ita ce kada a bar ko wane yaro a baya.

Dokar ta wajabta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi a kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas. Ta kuma tilasta wa makarantu bayyana sakamakon rukuni-rukuni: na fararen fata, da baƙaƙe, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'ya'yan talakawa, da naƙasassu, da masu koyon Ingilishi. Wannan ɓangare ya yi amfani, domin kafin nan ƙwazon 'ya'yan masu hali kan lulluɓe koma-bayan sauran.

Sai dai dokar ta ɗora wa makarantu burin da ba wanda ya iya cimma, wato kowane yaro ya kai matakin da ake so kafin shekarar 2014. Makarantar da ta yi ta gazawa shekara da shekaru kuwa, ana iya sauya malamanta ko a ƙwace ragamarta.

A Atlanta, shugabar hukumar makarantun birnin, Beverly Hall, wadda ta kama aiki a 1999, ta ƙara nata sharuɗɗan a kan na tarayya. Akwai lada ta kuɗi ga waɗanda suka cimma buri, akwai kuma barazanar rasa aiki ga shugabannin makarantun da suka gaza. A taron shekara-shekara na ma'aikata, malaman makarantun da suka yi nasara ne ke zama a sahun gaba, sauran kuma can a baya.

A 2009 aka karrama Beverly Hall a matsayin gwarzuwar shugabannin hukumomin makarantu ta ƙasa baki ɗaya.

Yadda asiri ya tonu

Jaridar Atlanta Journal-Constitution ce ta fara nuna shakku kan yadda maki ya yi tsalle a wasu makarantu. Daga nan hukumomin jihar suka bincika takardun jarrabawar 2009, suna ƙidaya wuraren da aka goge amsar da ba daidai ba aka maye gurbinta da ta daidai. A makarantar Gideons, fiye da kashi 80 cikin 100 na azuzuwa ne aka gano suna da irin wannan goge-goge fiye da ƙima.

Rahoton da gwamnan jihar ya fitar a watan Yulin 2011 ya ce an tafka maguɗi a makarantu 44 daga cikin 56 da aka bincika, ya kuma ambaci malamai da shugabannin makarantu 178. Game da Gideons, masu binciken sun ce malamai sun kwashi takardun yara zuwa gidan ɗaya daga cikinsu a ƙarshen mako, suka zauna suna gyara amsoshi.

A 2013 aka tuhumi mutum 35, kuma a watan Afrilun 2015 kotu ta samu 11 da laifi ƙarƙashin dokar da aka fi sani wajen hukunta gungun masu aikata manyan laifuka. Beverly Hall, wadda ta musanta cewa tana da masaniya kan maguɗin, ta rasu wata guda kafin nan ba tare da an yi mata shari'a ba.

Waɗanda suka fi cutuwa dai su ne yaran. Yaron da aka rubuta masa cewa ya iya karatu alhali bai iya ba, ya rasa ƙarin darussan da ya kamata a ba shi, aka kuma tura shi aji na gaba da rauninsa.

Tsohuwar muhawara

Tun a 1966 wani gagarumin bincike da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta ya nuna cewa gidan da yaro ya fito, da irin yaran da yake zama da su a aji, sun fi gine-gine da kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa.

A 2019 kuma Farfesa Sean Reardon na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka nuna cewa illar rarrabuwar makarantu bisa launin fata tana zuwa ne ta hanyar talauci, domin tana tattara 'ya'yan baƙaƙe da na 'yan Latin Amurka a makarantun da kusan kowa matalauci ne. Binciken da ya yi a baya ya sanya Atlanta cikin wuraren da tazara ta fi faɗi tsakanin ɗalibai farare da baƙaƙe.

Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta wariya a makarantu tun 1954, amma unguwar da yaro yake zaune ita ce ke zaɓa masa makarantar firamare, unguwa kuwa aljihu ne ke zaɓenta. Ga shi kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantu yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na yankin.

Masu kare tsarin jarrabawar na cewa bai kamata talauci ya zama mafakar malamin da ba ya aikinsa ba, kuma suna da hujja. To amma auna makarantar Gideons da makarantun unguwar masu hali ta Buckhead da mudu ɗaya, ba tare da duba inda kowane yaro ya faro ba, rashin adalci ne ga malamin da ya karɓi yaro yana baya ƙwarai ya matsar da shi gaba.

A watan Disambar 2015 shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan wata sabuwar doka da ta maye gurbin ta 2002. Ta bar jarrabawar shekara-shekara da wajabcin bayyana sakamako rukuni-rukuni, amma ta mayar wa jihohi ikon yanke shawara kan abin da za a yi da makarantun da ke baya. A 2017, hukumar makarantun Atlanta ta miƙa tafiyar da makarantar Gideons ga wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna Kindezi.