Daga Battar Tsofaffi Zuwa Akwatin Habana

Kafin kwalayen sigari su cika teburan bakin tasha, taba a Kalmalo abar dattawa ce, kuma tana da ladabinta. Wani gari yake ci, a daka ganyen da kanwa ya zuba a ƙaramar battar fata. Wani lofe yake busawa. Mata kuwa fure suke so, su goge haƙora da shi bayan goro har baki ya yi jawur. Ranar Lahadi ake sayo ganyen a kasuwar Illela, wani lokaci kuma a tsallaka Birnin Ƙonni, don a wancan zamani iyaka ba ta hana mutum cefane.

Wanda bai ga tsoho yana zaɓen taba ba zai ɗauka shan ta kawai suke yi. Akwai wani masunci a unguwarmu da ba ya biyan kuɗi sai ya gutsuri ganyen ya murza a tafin hannu. Idan ya ruguje ya zama ƙura, ya ce rana ta cinye shi. Idan ya lanƙwashe bai karye ba, sai ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan a fara ciniki. Kanwa ma da gwargwado yake sa ta: ta yi yawa ta ƙona dasashi, ta yi kaɗan taba ta fito lami. Da hunturu, idan ya dawo daga tafki, yakan danna ganyen a lofe da babban yatsa, ya ɗora garwashi guda, ya ja a hankali har kumatunsa su loɓa. Mu yara muna matsowa sai ya ɗaga hannu: "Ɗana, ja baya. Wagga aba ba ta yara ba ce."

Irin wannan sani ne ake sayarwa da tsada a Kyuba. Tabar Habana ganye ce zalla, babu takarda babu auduga: akwai na ciki, akwai wanda ke ɗaure su, sai lallausan ganyen waje da ake naɗewa da hannu. Mafi daraja shi ne wanda ake nomawa a Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Río. Bayan girbi ana rataye ganyen a rumfa ya yi makonni yana bushewa a inuwa, sannan a jibge shi ya ɗauki zafi da kansa har gafinsa ya fita, sannan a ajiye, wani ya shekara biyu ko fiye. Da an naɗe, sai akwatin katako mai riƙe laima kusan kashi 70 cikin ɗari. Iskar hunturunmu za ta tsattsage shi idan aka bar shi a waje.

Shan sa ma da ƙa'ida. Ana datse kan, a kunna ɗaya bakin ana juyawa don wutar ta kama daidai. Ba a zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki ake juya shi a fesar. Gwanayen abin sun ce farkonsa sauƙi ne da ƙamshin itace, tsakiyarsa ta kawo ɗacin gahawa da ɗan zaƙi, ƙarshensa ya yi nauyi da yaji irin na masoro. Kara guda yakan ci sa'a ɗaya. Da masuncinmu ya ji wannan bayani, babu abin da zai zame masa baƙo sai farashin.

Manya ne suka ɗaga sunan tabar Habana. A watan Fabrairun 1962, kafin Shugaba Kennedy na Amurka ya sa hannu a takunkumin ciniki da Kyuba, sai da ya aiki kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa kara 1,200. Cohiba, wadda ta fi kowace suna a yau, a 1966 aka fara naɗa ta domin jagoran Kyuba Fidel Castro da baƙinsa. Shi ya sa yanzu za ka ga matashi ya samu kuɗi, hotonsa na farko a Dubai ko Abuja da ita a bakinsa.

Sai dai ganyen bai san nawa aka saye shi ba. Babban kara guda yana iya ɗauke da tabar da ta kai ta kwalin sigari sukutum, kuma ƙin zuƙa zuwa huhu ba ya kare leɓe da harshe da maƙogwaro. Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Ostiriya, yana shan kusan kara 20 a rana. A 1923 aka gano masa sankara a baki, aka yi masa tiyata fiye da sau 30 kafin ya rasu a Landan a 1939. Castro kansa, wanda duniya ta sani da ita a hannu, ya ajiye ta a 1985. Mai cin gari ma bai tsira ba, domin kuncin da yake cusa tabar nan ne gyambon ke farawa. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero.

Malamanmu sun daɗe suna jayayya a kanta. A farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta, daga baya Muhammad al-Wali na Bagirmi ya yi rubutu yana haramtawa. Dukansu sun yi magana ne tun kafin likitoci su tabbatar da alaƙarta da sankarar huhu a shekarun 1950. Mu ba mu da uzurinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara.

Idan an waiwaya, abin koyi a wurin tsofaffin Kalmalo shi ne shingen da suka kewaye ta da shi. Yaro ba ya sha, saurayi ba ya kunnawa a gaban surukinsa, wanda aka kama yana ɓoyewa ya san ya ji kunya. Sigari ya zo a kwali ya rushe shingen, har ana aiken ɗan shekara bakwai ya sayo kara biyu ya kunno a hanya. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaiɗai, amma dokar da aka rubuta a Abuja ba ta zama a gefen teburin mai shayi. Uba ne ke zama a nan, da mai unguwa, da liman. Su ne za su iya hana aiken yara sayen taba, su kuma gaya wa saurayin da hoton Habana ya ruɗa cewa mai Kyuba da kansa ya bar ta.