RUSHE HUKUMAR CPB A AMURKA DA MAKOMAR SHIRYE-SHIRYEN ILMANTAR DA JAMA'A

A ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 2025 ne hukumar da ke raba kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka ga gidajen rediyo da talabijin na jama'a, wadda aka fi sani da CPB, ta ba da sanarwar cewa za ta fara naɗe tabarmarta bayan ta yi kusan shekaru 58 tana aiki. Mafi yawan ma'aikatanta sun bar aiki a ƙarshen watan Satumba, sa'annan a farkon watan Janairu na 2026 aka sanar cewa kwamitin gudanarwarta ya kaɗa ƙuri'ar rushe ta baki ɗaya. Mun ga ya dace mu kawo wa jama'a bayanin wannan al'amari, musamman mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda irinsu ne abin ya fi shafa a can ƙasar.

Kamar yadda aka sani, akasarin gidajen watsa labarai a Amurka na 'yan kasuwa ne, kuma da kuɗin talla suke rayuwa. Shirin da ba zai jawo masu talla ba, komai amfaninsa, da wuya ya sami gurbi. Domin cike wannan giɓi ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa CPB a watan Nuwamba na 1967. Daga nan aka kafa PBS a 1969 domin haɗa gidajen talabijin na jama'a, aka kuma kafa NPR a 1970 domin gidajen rediyo. Ita CPB ba ta mallaki ko tasha ɗaya ba, ba ta kuma shirya shiri da kanta. Aikinta a da shi ne ta karɓi kuɗi daga majalisar dokoki ta raba, inda kimanin kashi 70 cikin ɗari ke tafiya kai tsaye ga tashoshi fiye da 1,500 a faɗin ƙasar. A shekarar 2025 kasonta ya kai dala miliyan 535, wato abin da bai kai dala biyu ba a kan kowane ɗan ƙasa a shekara. Akwai kuma wata hikima a tsarin: a da majalisa kan amince da kuɗin hukumar shekaru biyu kafin lokacin kashe su, domin kada wanda ke kan mulki ya ji haushin wani labari yau, gobe ya toshe bakin aljihu.

To, wannan katangar ce aka rusa. A farkon watan Mayu na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a daina bai wa NPR da PBS kuɗin gwamnati, yana zarginsu da nuna son kai a labaransu. A watan Yuli majalisar dattawa ta amince da janye kuɗin da ƙuri'a 51 da 48, majalisar wakilai kuma da ƙuri'a 216 da 213. Abin da aka janye ya kai dala biliyan 1.1, kason shekaru biyu da tuni aka riga aka amince da shi.

Masu goyon bayan janyewar suna da hujjoji biyu. Ta farko ita ce manyan kafofin biyu sun karkata ga masu ra'ayin sassauci, saboda haka babu adalci a ɗauki harajin kowa da kowa a ba su. Ta biyu ita ce a zamanin intanet babu wanda ya rasa abin kallo ko abin saurare. Ba za mu yi watsi da hujjar farko ba, domin duk gidan da ke cin kuɗin jama'a wajibi ne kowane ɓangare ya ga kansa a cikinsa. Sai dai in an duba inda wuƙar ta sauka, za a ga ba ta sami wanda aka nufa ba. Abin da NPR ke samu kai tsaye daga gwamnati a wancan lokaci ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin kasafinta, kuma manyan tashoshin birane irin su New York da Boston suna da attajirai da kamfanoni masu ba su gudummawa. Waɗanda aka bari a rana su ne ƙananan tashoshin ƙauyuka da na yankunan 'yan asalin ƙasar, waɗanda a da wasunsu ke samun rabin kuɗinsu ko fiye daga CPB.

Wani abin mamaki ya faru ana tsakiyar muhawarar. A ranar 16 ga watan Yuli girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.3 ta auku a gaɓar jihar Alaska, aka yi gargaɗin cewa igiyar teku na iya afka wa garuruwan bakin ruwa. Ƙananan gidajen rediyon jama'a na cikin waɗanda suka isar da saƙon a tashi a hau tudu. Sanata Lisa Murkowski ta wannan jiha, wadda 'yar jam'iyyar shugaban ƙasa ce, ta kafa hujja da wannan, ta kuma ƙi goyon bayan janyewar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ƙuri'arta ba ta isa ta sauya komai ba.

Sai batun fina-finan gaskiya, wato waɗanda ake ɗauka daga rayuwar mutane da tarihinsu ba tare da 'yan wasa ba. Irin wannan fim yakan ci shekaru ana bincike da hira da dattawa da tono tsoffin hotuna, kuma ba kasafai yake mayar da uwar kuɗi ba. A kafar PBS ne aka nuna Eyes on the Prize na Henry Hampton a 1987, wanda ya ba da tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata na neman 'yancinsu daga bakin waɗanda aka yi abin da su, haka kuma a can ne aka nuna dogon shirin Ken Burns a kan yaƙin basasar Amurka a 1990. A shekarar 1988 majalisa ta ƙara wani mataki, ta ba da umarnin a kafa wata cibiya mai suna ITVS domin ta riƙa bai wa masu shirya fim masu zaman kansu jari, musamman waɗanda ke ɗauko labarin al'ummun da manyan kamfanoni ba sa waiwaya. A da mafi yawan kuɗin wannan cibiya daga CPB yake fitowa, don haka ba a daɗe da janyewar ba ta rage ma'aikata. Mashahurin mai shirya fim zai sami mai ɗaukar nauyinsa ko ta halin ƙaƙa. Matashin da ke da labari amma ba shi da suna shi ne ƙofar ta rufe wa.

Bugu da ƙari, ba a tsaya ga nuna fina-finan a akwatin talabijin kawai ba. Akan kai su ɗakunan karatu da zaurukan taro na garuruwa a nuna wa jama'a kyauta, bayan an gama kuma a zauna a tattauna da masana da mutanen da matsalar ta shafa. Dattawanmu da suka ga zamanin majigi, lokacin da mota kan zo ƙofar fadar hakimi da daddare a kafa farin ƙyalle a nuna yadda ake noman gyaɗa ko tsabtace rijiya, ba za su ga baƙon abu a nan ba. Bambancin shi ne a majigi hukuma ce ke magana jama'a na saurare, a wannan tsari kuwa ana ba masu kallo damar su ma su faɗi albarkacin bakinsu.

Ta fannin ilmi, shirin yara na Sesame Street da aka fara a watan Nuwamba na 1969 ya isa misali. An tsara shi ne domin 'ya'yan talakawa da ba su da halin zuwa makarantar share fage. A 2015 wasu masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka kwatanta yankunan da tashar ke kamawa sosai a wancan lokaci da waɗanda ba ta kamawa da kyau, suka gano cewa yaran yankunan farko sun fi kasancewa a ajin da ya dace da shekarunsu. Duk da haka, a watan Mayu na 2025 ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta soke tallafin Ready To Learn, wanda da shi ake shirya wa ƙananan yara shirye-shiryen karatu da lissafi. Wannan aiki ya taɓa iso mana har gida, domin a 2011 gidan talabijin na NTA ya fara nuna Sesame Square, wanda aka shirya domin yaran Nijeriya da tallafin hukumar USAID. Ita ma USAID an rufe ta a 2025, kuma dokar da ta janye kuɗin CPB ita ce ta janye biliyoyin daloli na agajin ƙasashen waje. Ke nan wanda ke jiran a shirya wa 'ya'yansa irin wannan daga ƙetare, zai daɗe yana jira.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Tashoshin Amurka aƙalla suna da masu saurare da suka saba aika musu gudummawa duk shekara, kuma wasu gidauniyoyi sun tara musu agajin gaggawa. Gidajen rediyo da talabijin na jihohinmu kuwa kusan kacokan da kasafin gwamnati da 'yan kuɗin sanarwa suke tafiya. Mun ga amfaninsu a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi da dama na Arewa suka koma koyar da darussa ta rediyo, yaron da ba shi da wayar zamani ya bi darasi da rediyon mahaifinsa. A ganinmu, ƙaramar hukumar da ke iya biyan kuɗin ɗauko bikin ƙaddamar da rijiyar burtsatse, tana iya ɗaukar nauyin shirin minti talatin a mako da malamin gona ko jami'ar lafiya za su amsa tambayoyin mutanen ƙauye kai tsaye. Haka kuma ya kamata 'yan majalisun jihohi su duba yiwuwar ware wa shirye-shiryen ilmi kaso na musamman a doka, wanda ba za a haɗa shi da kuɗin albashi da na man janareta ba.

Akwai kuma wani aiki da CPB ta fara wanda ya rayu bayanta, wato taskar adana tsoffin shirye-shirye da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da tashar GBH ta Boston ke kula da ita, inda aka kwashe dubban sa'o'i na sauti da hoto daga tsoffin faya-fayai aka mayar cikin kwamfuta. Tun daga 1962 da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna ake naɗar muryoyin sarakuna da malamai da makaɗa da manoma a wannan yanki namu. Kaset ba ya jure zafi da ƙura da gara, kuma na'urorin da ke iya karanta shi suna ƙarewa daga kasuwa. Muna kira ga shugabannin tashoshin jihohi da su fara da ƙidaya abin da ke cikin ɗakunan ajiyarsu, su rubuta sunan kowane faifai da shekararsa, tun tsoffin ma'aikatan da suka san abin da ke ciki suna nan da ransu.