Zauren Aro Ba Ya Rufe Asiri

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'yan Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, maganar gayya, da kuɗin ƙungiya, har da neman auren wance, duk mun kwashe mun kai WhatsApp. To, zauren na wane ne? Na Meta ne, wato Facebook, wanda ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19. Mai zuba wannan dukiya ba don Allah ya shimfiɗa mana tabarma ba.

Za a ce ai saƙonnin a kulle suke. Haka ne. Amma mai zaure ya san wa ya shigo, yaushe, da wace lamba, da su wa. Ko bai ji zance ba, ya ga masu zancen. A 2024 hukumar FCCPC ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake juya bayananmu, kotu kuma ta tabbatar a 2025.

Ga Signal nan, kyauta. Ƙirarsa a buɗe take, kowane masani na iya dubawa, kuma gidauniya ke riƙe da shi. Makullin da WhatsApp ke taƙama da shi ma daga can ya aro! Da kotun Amurka ta nemi bayanan wani a 2016, ranar rajistarsa da ranar leƙawarsa ta ƙarshe kurum aka samu.

Uzurinmu ɗaya: wai kowa na WhatsApp. Kowan nan ai mu ne. Sakatarorin ƙungiyoyi su buɗe sabon zaure, a riƙa sanar da taro can kaɗai, mu ga mai ƙin zuwa.